Bakwai ɗin Nana, ukun Yaya Hajo

Da kakar bana Yaya Hajo ta cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Ta rasu a Kebbe ana tsakiyar girbin gero, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Ni ce ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara shida ke tsakaninmu. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kanta. Sai in ɗauki biro in aje, don ban san ta inda zan fara ba da labarin matar da ba ta taɓa furta kalma ɗaya ba. Bana dai na ce ko ya yi kyau ko bai yi ba, sai na rubuta.

Kurma aka haife ta. A unguwarmu cikin Tambuwal ba kowa ya san sunanta Hajara ba, Bebiya kawai ake ce mata. Ba a sa ta makaranta ba, don a lokacin babu wanda ya yi tunanin akwai abin da za ta ɗauko a can. Amma ita ta koya mini ƙidaya tun ban shiga aji ɗaya ba. Daga ƙaramin yatsa take farawa. Biyar, sai ta haɗe kan yatsun wuri ɗaya. Daga shida zuwa tara sai hannu na biyu ya shigo. Goma kuwa tafi ɗaya ne, ashirin tafi biyu. Na yi shekara talatin da wani abu ina koyar da lissafi a firamare kafin in yi ritaya, kuma har na bar aiki, in lissafi ya cushe mini a gaban allo, yatsuna ke motsi a ƙarƙashin mayafi irin yadda ta nuna mini.

Ita ta zaɓi mijinta da kanta. Ranar kasuwar Tambuwal kurame kan taru a gindin wata tsamiya bayan 'yan tukwane, su yi hira da hannu har la'asar. A can ta ga Modi, kurma kamarta, ɗan Fulanin da suka daɗe da zama a gefen Kebbe suna noma suna kiwo. Ta dawo gida ta nuna wa Inna wani dogon mutum mai sanda a kafaɗa, ta dafa ƙirjinta. Ba a yi wata shida ba aka ɗaura aure.

Zuwanta ganin gida na farko, abin da ta fara ba mu labari ba gidan ba ne, ba surukai ba. Goman Modi ce. Shi ba ya tafi. Dunƙule hannu biyu yake ya gwara su, in ashirin ce kuma ya gwara sannan ya dafa gwiwoyinsa, wato ya haɗa da yatsun ƙafa. Ta yi ta kwaikwayonsa tana dariya har da hawaye. Daga nan abin ya zame mata kamar ciwo. Duk kurman da ta haɗu da shi, na Dogon Daji ne ko na Sanyinna, kafin a gama gaisawa ta sa shi ya ƙirga mata. Har bakinmu na masu ji ba ta bari ba. Akwai wata Bakanuwa da aka auro maƙwabtanmu. Yaya Hajo ce ta fara lura cewa in matar za ta ce huɗu, leɓɓanta kan haɗu ta ce fuɗu, ba kamar namu da muke cewa huɗu ba. Ni da nake jin kalmar da kunnena ban taɓa kawo abin a raina ba.

'Ya'ya biyar suka haifa. Huɗu suna ji, ɗaya kurma, ita ce Nana, ta biyu. Da Nana ta kai shekara tara na ba Yaya labarin akwai makarantar kurame a Sakkwato. Modi ya ƙi. Ya ce ɗiyar da ba ta ji, in aka kai ta nesa wa zai jiyo kukanta. Yaya Hajo ta yi wata uku tana masa magana ɗaya safe da yamma, har ya gaji ya ɗaga hannu. Ni na kai yarinyar da kaina.

A makarantar ana koyar da wata maganar hannu dabam, mai tsari, wadda ake iya karatu da rubutu da ita. Nana ta ɗauke ta kamar ƙasa ta sha ruwan farko. Duk hutu sai ta dawo da sabon abu. Ƙidayarsu da hannu ɗaya ake yin ta, ba tafi, ba dafa gwiwa. A hankali yarinyar ta fara jin kunyar hannun uwarta. Manyan ɗalibai sun yi mata dariya tun shekararta ta farko, sun ce irin wannan nune-nune na ƙauye ne. Na taɓa ganin abin da idona a wani suna a Tambuwal. Yaya na ba wata mata labari, ta ɗaga hannu za ta tafa goma, Nana ta kama hannuwan ta saukar da su a gaban mutane. Yaya ta naɗe hannayenta cikin zane har aka watse.

Nana na da shekara goma sha shida abin ya faru. Ana saura kwana ɗaya hutu ya ƙare, Modi ya sare ƙafarsa da fartanya a gona. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, washegari ƙafa ta kumbura. Nana ta raka iyayenta wani ƙaramin asibiti, aka wanke ciwon, aka ba da ƙwayoyi cikin 'yar takarda, aka rubuta a sha har kwana bakwai. Nana ta karanta, ta juyo ta faɗa wa uwarta da hannu. Mai babur na jiranta a waje zai kai ta tasha. Ta hau ta tafi.

Yaya Hajo ta ba mijinta magani kwana uku cif. Kumburi ya saɓe, sai ta ƙulle sauran ƙwayoyin a leda ta sa cikin kwalla, saboda wata rana. Bayan mako guda ƙafar ta dawo fiye da da, da zazzaɓi mai zafi. A kan babur aka ɗauko shi daga Kebbe, an sa shi tsakanin mutum biyu, a kan hanyar nan da duk wanda ya san ta da damina ya san abin da nake nufi. Da suka iso asibiti a Tambuwal, yatsun ƙafar biyu sun riga sun yi baƙi.

Wan Modi, Jaɓɓi, shi ne babban gidan. Mutum ne mai ji, kuma ba mugu ba ne. Ya same ni a barandar asibiti da ledar ƙwayoyin a hannu.

"Malama, ba ƙin ta nika yi ba," in ji shi. "Amma duba abin ga. Magani anka ba ta, ta ɓoye cikin kwalla. Wanda ba ya ji, ƙaƙa za a ba shi amanar rai? Yau ƙafar babba ce. Gobe in ɗiyan ga ƙanana sunka kwanta fa? Ni dai na yanke, ƙananan ɗiyan biyu gidana za su koma."

Abin da na yi a ranar shi ne abin da ya fi damuna a duk zamana da ita. Ban kare ta ba. Na je na tsaya a kanta, da hannu mai zafi na tambaye ta don me ta tsayar da maganin. Ta ɗaga yatsu uku, ta ce haka Nana ta faɗa. Na ce mantawa ta yi. Na ce a takarda bakwai aka rubuta, na gani da idona. Ta dube ni, wani irin kallo da ba ta taɓa yi mini ba. Ta bugi ƙirjinta, ta ce ita tana iya manta fuskar mutum, amma ba ta manta adadi. Na juya na bar ta. Ni da ita ta koya wa ƙidaya, ni ce na yarda cewa ba ta san uku da bakwai ba.

Ta ƙi ci, ta ƙi barin bakin ɗakin da Modi yake. Abu ɗaya take maimaitawa, a kawo Nana. Ran Asabar na shiga mota zuwa Sakkwato na ɗauko ta.

Da hantsi muka iso. Jaɓɓi na zaune kan benci, da wasu mata biyu na danginsu. Yaya ba ta bari yarinyar ta aje jaka ba. Ta ce ta sake faɗin abin da ta faɗa ranar nan, yadda ta faɗe shi. Nana ta ɗaga hannun dama, ta lanƙwasa yatsan da ke kusa da ƙarami, ta taɓa shi da babban yatsa. Sauran ukun suka miƙe tsaye.

Yaya Hajo ta cafke wuyan hannun kafin ya sauka. Ta ja shi har gaban fuskar Jaɓɓi, ta riƙe.

Ya duba, ya dubo ni. "Mi taka nufi?"

Na ce, "Tambayarka take, nawa ka gani?"

"Ukku mana."

Ta juyo da hannun wajena. Ni ma uku na gani. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan uku zai gani. A ƙidayar makaranta kuwa bakwai ke nan, don ba yatsun da ke tsaye ake dubawa ba, wanda babban yatsa ya taɓa ake dubawa. Ba wanda ya taɓa faɗa wa Yaya haka. Shekara bakwai Nana na zuwa hutu, ba ta taɓa zama ta nuna mata ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Nana ta tsaya tana kallon hannunta kamar ba nata ba. Sai ta sulale ƙasa. Kukan kurma ba shi da linzami, don mai shi ba ya jin ƙararsa. Duk barandar aka juyo. Tana yi tana nuna ɗakin, tana nuna kanta, wai ita ta kashe ƙafar ubanta.

Na zaci Yaya za ta huce haushin shekaru a kanta. Tana da abin faɗa, kuma ga shaidu. Sai ta durƙusa, ta ɗago fuskar yarinyar, ta share mata hawaye da bakin mayafi. Ta jira har idonsu ya haɗu. Sannan ta ce, "To nuna mini takwas."

Nana ba ta gane ba. Yaya ta sake faɗa. Yarinyar ta taɓa yatsan tsakiya da babban yatsa. Nan ma uku ne a tsaye. Yaya ta buɗe ido, ta ce, "Tara fa?" Nan ma uku. Ta juyo ta dube ni, ta riƙe haɓa, irin na wanda ya ga abin mamaki a kasuwa. Wai ashe mutanen nan uku har kala huɗu gare su.

Jaɓɓi ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Allah shi ba mu haƙuri," ya ce. Bai sake ta da maganar yara ba har ya bar duniya. An cire wa Modi yatsun biyu, ya tashi, da ɗan ɗingishi har tsufansa. Ni kuwa da yamma na je na zauna kusa da ita na ba ta haƙuri. Ta ture kafaɗata da tata, ta miƙo mini rabin goron da ke hannunta. Iyakar abin da aka yi ke nan a kan laifina.

Hutun da ya biyo baya, uwa da ɗiya suka zauna. Yaya ta koyi ƙidayar makaranta har ɗari, Nana kuma ta sake koyon ta gida, wadda ta yi shekaru tana yi kamar ba ta sani ba. Daga nan Yaya ta kafa doka a gidanta: duk adadin da rai ko tafiya suka rataya a kansa, sau biyu ake faɗinsa, da hannun makaranta da hannun gida. In sun yi daidai, to. In sun saɓa, ba mai tashi.

Na taɓa tambayarta wacce ta fi. Ta ce in tana tatsa, ko da yaro a kafaɗa, ta hannu ɗaya ta fi, don ba sai ta aje komi ba. Amma in Modi na can ƙarshen gona, wa zai hango yatsan da aka taɓa? Nan sai tafi da gwara hannu. Ta ƙara da cewa ta gida ko mai ji ya gane ta, ta makaranta kuwa tana kaiwa inda ta gida ke gajiya. Na matsa mata ta zaɓi ɗaya. Ta ce in fara zaɓa tsakanin idona na dama da na hagu.

Shekarun da suka rage mata, ta zama mutumin da ake nema. Yara kurame da suka je makaranta sun fara yawa a yankin, iyaye da tsofaffin kurame kuma suna nan da hannunsu na da. In za a kai wani asibiti, ko za a sa ranar biki, ko za a faɗa wa tsoho ranar da jikansa zai dawo, sai a ce a kira Hajon Modi. Ta kan tsaya a tsakiya, ta karɓa daga wannan ta miƙa wa wancan, ta sa kowa ya maimaita. Ba a biyanta, ba ta da wani suna na aiki. Da ta rasu, kuramen da suka zo gaisuwa sun cika rumfa guda, har da waɗanda ban taɓa gani ba.

Ta tafi kafin wayoyin nan masu hoto su cika gari. A zamaninta waya abin masu kunne ce, ta kan ɗauki tawa ta jujjuya ta aje. Yau Nana malama ce, tana koyar da yara kurame, kuma daga ɗakinta a Sakkwato take hira da ƙawayenta na Kebbe fuska da fuska. Na kan ce da Yaya ta ga wannan, da ba mai raba ta da wayar.

Da ƙaramar salla Nana ta zo mini da wani bidiyo. Mata biyu ne kurame a ƙasar Sifaniya, ɗaya daga yankin Kataloniya inda Barsalona take, ɗaya daga wajen Madrid, garuruwan da samarinmu suka sani ta hanyar ƙwallo. Ƙasa ɗaya, amma kowane ɓangare da maganar hannunsa. Suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, ana nuna lamba, kowace ta yi ta irin ta mutanenta. Wani wuri hannayensu su zo ɗaya, wani wuri su rabu, su dubi juna su yi dariya. Ban riƙe wace ce ta yi wanne ba. Abin da na riƙe shi ne babu wadda ta kama hannun 'yar'uwarta ta saukar. Nana ta ce a can har masu ilimi na zama su gwada ƙidayar nan biyu, su rubuta. Muka kalla sau uku. A na ukun ta kife wayar a cinya, ta ce, "Innata ta riga su, ba ta dai da takarda ne."

Na san abin da Yaya za ta yi da bidiyon nan. Za ta sa a mayar da shi baya, a tsaya a kan kowace lamba. Za ta gwada da hannunta har ta iya duka biyun. Sannan, don ita ce, za ta tambaya ko tsakanin garuruwan nan biyu an taɓa samun wanda ya rasa yatsa.

Abin da ban sani ba shi ne yadda za ta ji da abin da ke faruwa a nan gida. Tsofaffin gindin tsamiya sun kusa ƙarewa. Matasan kurame duk hannun makaranta suke yi, kuma ya buɗe musu ƙofofin da Yaya ba ta ko hango ba. Ba ni da bakin cewa a koma baya. Amma goman Modi, da dafa gwiwarsa, ban san ko akwai mutum goma da suka rage masu yin ta ba, kuma ba wanda ya rubuta ta.

Zangon karatun da ya wuce na kai wa Nana ziyara a ajinta. Ina nan wani Bafulatani ya shigo da ɗiyarsa, 'yar shekara takwas, daga wata ruga can bayan Kebbe. Da yake shi mai ji ne, ni na tsaya musu tafinta.

"Ga ta nan, Malama," in ji shi. "Ba ta san komi ba. Ko ɗaya da biyu. Daga farko za ku fara."

Nana ta durƙusa gaban yarinyar, ta yi ƙaho da yatsu a kanta, ta nuna ɗan tsawo daga ƙasa, wato maraƙi, sannan ta buɗe tafin hannu tana tambaya. Yarinyar ta dubi ubanta, ta dubi ƙasa. Can sai ta dunƙule hannu ta bugi kafaɗarta ta hagu, ta bugi ta dama, ta ɗaga yatsu biyu. Ni ban taɓa ganin irin wannan ba, Nana ma haka.

Na ce da uban, "Maruƙa nawa gare ku a gida?"

Ya ɗan yi lissafi. "Sha biyu."

"Abin da ta faɗa ke nan. Wa ya koya mata?"

"Ba kowa," ya ce a hankali. "Kullum tana yin haka in shanu sunka dawo. Mun ɗauka wasa taka yi."

Nana ta sa yarinyar ta sake yi, ta zana a littafinta, sannan ta sa ajin duka suka gwada. A nan na ga abin da Yaya Hajo ta bari. Ba gona ba ce, ba shanu ba. Ta bar ɗiyar da in an kawo mata yaro an ce bai san komi ba, sai ta fara tambayar yaron tukuna.

Da mutumin zai tafi, ya kai bakin ƙofa ya dawo. Ya tsuguna gaban ɗiyarsa, ya dunƙule hannu, ya bugi kafaɗarsa ta dama. Yarinyar ta girgiza kai. Ta kama hannun ubanta da nata biyu, ta kai shi kafaɗar hagu, inda ake farawa.

Allah ya jiƙan Yaya Hajo, ya haskaka makwancinta, ya yafe mini ranar barandar nan.